Mutumin da Aka Bari a Uwar Toka

A banɗakin Rabi'a akwai wani dutse da duk matan gidan suka sa wa ido. Bai fi dunƙulen hannu ba, ruwan toka, jikinsa duk ƙananan huji, kuma in aka jefa shi a bokiti sai ya taso ya yi ta yawo a kan ruwa kamar soso. Da shi take goge kaushi. Macen da ke wuni a tsaye a bakin kasuwar Balad ta Jidda da tiren gyaɗa da tsamiya da garin kuka ta san darajar irin wannan dutse, shi ya sa in maƙwabciya ta zo aro, Rabi'a takan tsaya a bakin ƙofa har sai an dawo mata da abinta.

Mijinta Zaharadden ne ya tsinto mata shi a kan teku, kusa da wani tsibiri can kudu mai nisa, wanda masunta ke kira Umm Ramad, wato Uwar Toka. Ya ce dutse ne baƙi ƙirin a tsakiyar ruwa, ba bishiya, ba ciyawa, sai tsuntsaye, kuma kansa na hayaƙi. Ita dai ba ta taɓa ɗaukar labarin da muhimmanci ba. Dutsen goge ƙafarta kawai ta sani.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da suka baro Yawuri suka zo umara, suka yi zamansu a ɗaki ɗaya a unguwar Hindawiyya, ba iƙama, wato katin zama, ba fasfo, don wanda ya yi musu hanya ya tafi da shi. Zaharadden ɗan masunta ne, a bakin kogi aka yanke masa cibi, amma a nan ba a barin mutum ya hau jirgin kamun kifi sai da kati. Shi kuwa Nasir, ɗan garinsu, yana da kati, kuma abin dariya, sana'ar da aka rubuta masa a kai ita ce su, wato kamun kifi. Nasir ɗin da ko jirgi na ɗaure a tasha in ya taka shi sai ya amayar da abin da ya ci jiya. To sun yi kama, dogaye ne, baƙaƙe, masu ɗan gemu. Sai aka shirya: Nasir ya zauna shagon atamfa a Balad, Zaharadden ya riƙa fita teku da katinsa da sunansa. Shekara tara ana haka, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Abu ɗaya ne ke damun Zaharadden, shi ma cikin wasa yake faɗa. "A teku ni Nasir ne, a gida Malam. Rabi, don Allah faɗi sunana sau ɗaya, kada in manta shi." Sai ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Ita da aka yi wa tarbiyya, ta kama sunan miji gatsal? Ko uwarta har ta koma ga Allah ba a taɓa jin sunan babansu a bakinta ba.

Ran Litinin da hantsi, tana ƙulla gyaɗa a leda, aka yi sallama. Hashim ne, shugaban jirgin, wanda suke kira nahuda. Haifaffen Jidda ne, kakanninsa ne suka zo hajji a ƙafa, Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabci. Bai taɓa hawowa benen nan ba. Yau ga shi tsaye da jakar Zaharadden a hannu, idonsa a ƙasa.

"Ya ukhti, sai haƙuri," ya ce. "Ruwa ya ci shi. Khalas, shi ke nan, Allah ya ji ƙansa. Ki shiga takaba shiru-shiru, kada a tara mutane."

Ledar ta suɓuce mata, gyaɗa ta watse. Ta yi salati, ta sake yi. Ta zauna a dokin ƙofa. Amma Rabi'a 'yar kasuwa ce, ta san fuskar mutumin da ke son ya miƙa kaya ya gudu kafin a buɗe.

"Wa ya yi masa wanka?"

"Teku ce, ya ukhti, mafi, babu wanka."

"To wa ya ga gawar? Kai ka gani da idonka?"

Ta miƙe ta ɗauko Alƙur'ani daga kan kanta, ta riƙe shi a gabansa da hannu biyu. "Ka yi alwala ka dafa, ka ce ka ga ya mutu. In ka dafa, yanzu zan shiga takaba."

Bai dafa ba. Ƙato guda ya tsuguna a bakin ƙofa ya fara magana kamar ana zare masa ita da ƙugiya. Injinsu ne ya mutu ran Laraba, iska ta kora su har gindin Uwar Toka, suka jefa anga, ƙarfen tsayar da jirgi. Ruwan shansu ya kusa ƙarewa. Ran Alhamis Zaharadden, da yake ya fi kowa iya iyo, ya ɗaura jarka biyu fanko a ƙugu ya yi ninƙaya zuwa tsibirin, ko zai sami ruwa a tsohuwar rijiyar da aka ce akwai a sama. Sun gan shi ya fita, ya ɗaga musu hannu, ya fara hawa. Kafin la'asar kaifin dutsen ƙarƙashin ruwa ya yanke igiyar anga, jirgin ya kama tafiya ba inji, tsibirin na ƙanƙancewa suna kallo. Ran Asabar wani babban jirgin kaya ya tsince su, jiya Lahadi ya sauke su a Jidda.

"To da aka tsince ku, ba ku ce akwai mutum a can ba?"

"An tambaye ni mu nawa ne. Takarda ta ce huɗu, mu uku ne. Sai na ce Nasir bai biyo mu ba wannan karon, yana gari." Ya share gumi. "Suka buga wa Nasir, ya ɗauka. Khalas, aka rufe magana. Ya ukhti, in na ce wani ne ya fita da katin wani, sijin ne, kurkuku, a ƙwace mini lasisi. 'Ya'yana biyar. Kuma wallahi wurin nan ba a kwana biyu a raye."

Rabi'a ta ƙirga da yatsu. Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi. Yau kwana huɗu cif. Mijinta na kan dutse a tsakiyar teku, yana leƙen jirgin da zai zo ɗaukarsa, alhali a duk faɗin duniya ba wanda ke nemansa, domin a takarda ba wanda ya ɓata. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Tashi mu je ka faɗa musu."

"Ma agdar. Ba zan iya ba." Ya ajiye jakar, ya sauka da sauri, har yana tuntuɓe a matakala.

Mutum ɗaya ta sani da ya taɓa taka Uwar Toka: Baba Othman na unguwar Ruwais, tsohon masunci da ciwon suga ya cinye wa ƙafa ɗaya, wanda Zaharadden kan kai wa kifi duk dawowa. Ta zura abaya ta tari tasi. Ta same shi a kan kujerarsa a inuwar ƙofar gida, yana gyaran wata koma da ba mai sake jefa ta a ruwa. Ta durƙusa ta zayyana masa komai.

"Baba, ka gaya mini gaskiya. Yana da rai?"

"Ya binti, rai na Allah ne. Amma zauna in gaya miki wurin, sai ki auna da kanki." Ya ajiye komar. "Ba ƙasa ba ce irin wadda kika sani. Wuta ce ta fito daga ƙarƙashin teku ta daskare. Dutsen kaifi gare shi kamar fasasshiyar kwalba, takalmin roba ba ya wuni a kai. Da rana ba ya takuwa don zafi. Kewaye duk gangare ne, wuri ɗaya tak ake iya fita, ta arewa, inda akwai ɗan baƙin yashi. Kunkurun teku na zuwa nan su binne ƙwai. A sama akwai rami mai hayaƙi, warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, in iska ta juyo da shi sai mutum ya kwanta ya rufe hanci."

"Ruwa fa?"

"Ina zuwa. Zamanin Turkawa an gina fanar a can, hasumiya mai fitila don jiragen ruwa, da mutum uku masu tsaronta. Su suka yi rijiyar siminti mai tara ruwan sama. Kuma ki sani, mijinki ba shi ne Bahaushe na farko da aka bari a wurin ba. Kakata Mastura ta ba ni labari. Sun taso daga waccan gaɓar ta yamma su talatin da wani abu, alhazai, mai jirgin ya sauke su a yashin nan ya ce ga Hijaz, ku hau dutsen za ku hango Makka. Suka hau da murna suna labbaika. Da suka kai sama, ruwa gabas, ruwa yamma, mai jirgi kuma ya yi tafiyarsa. Masu fitilar ne suka raba ruwansu da su har jirgi ya zo. Waɗanda ba su kai zuwan jirgin ba suna can, na ga kaburburansu, tsibin duwatsu goma sha ɗaya."

Rabi'a ta ji kamar ta toshe masa baki. Ba tarihi ta zo ji ba. Amma tsoho ba a yi masa gaggawa.

"Masu fitila sun daɗe da tashi. Shekarun baya kuma dutsen ya farka, ya yi aman wuta kwana da kwanaki, muna hango jan sama daga nesa. Narkakken dutse ya binne rabin hasumiyar. Zuwana na ƙarshe na ga rijiyar ta tsage. Ko tana riƙe ruwa a gindi, ko ba ta riƙewa, Allahu a'alam."

"In ba ta riƙe ba fa?"

"Saura tsuntsaye. Dubbai ne, ya binti, sun mayar da dutsen fari da kashinsu. Akwai wasu manya masu ruwan ƙasa, wawaye, ba su san mutum ba, har ka kama su da hannu suna kallonka. Ɗanyen ƙwansu na jiƙa maƙogwaro. Akwai ƙaguwa a yashi. Da asuba raɓa na sauka a kan ƙarfen hasumiya, mai hankali zai shimfiɗa rigarsa ya matse. Mijinki ɗan ruwa ne, yana da hankali." Ya ɗaga yatsu. "Mako guda. In Allah ya so, kwana takwas. Bayan haka kada ki tambaye ni."

Ya ciro wayarsa ya buga wa masu tsaron teku, ya yi bayani da Larabcinsa na 'yan gari. Aka ce ya jira. Aka dawo aka ce an duba, jirgin nan mutanensa sun cika, uku an ceto su, na huɗun yana gida lafiya. Wane ne ya ɓata, mene ne lambar katinsa? Baba Othman bai kasance a jirgin ba, shi ba dangi ba. Aka yi masa godiya aka ajiye.

"Ba laifinsu," ya ce. "Abin da aka gaya musu suka rubuta. Sai wanda zai tsaya a gabansu da ƙafarsa ya ce ga mutum." Ya yage bayan wani kwalin shayi, ya zana tsibirin da biro, ya sa alama a yashin arewa, ya sa wata a hasumiya. Ya miƙa mata bai dube ta ba, don ya san abin da tsayawa a gabansu ke nufi ga mace irinta.

Saura Nasir. Ta iske shi a shagon atamfa ana shirin rufewa don azahar. Yana hango ta ya fara kuka, tun kafin ta yi magana. Wannan kukan ya fi komai ba ta haushi.

"Yaya Rabi, da aka bugo aka ce kai ne Nasir, me zan ce? Ni ne Nasir."

"Ai ba a ce ka yi ƙarya ba. Yanzu ka zo ka ƙarasa gaskiyar. Ka ce da katinka ya fita."

"Su kama ni, su kama kafilina da ya tsaya mini na sami kati, su kora ni gida? Yaya Rabi, matata na da ciki."

"Shekara tara yana shan rana da sunanka kana zaune a ƙarƙashin fanka. Yau yana can yana lasar raɓa. Nasir, tare aka yi muku kaciya."

Ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa. Ta tsaya tana jira ya ɗago. Aka kira salla, aka tayar, mutane na ta wucewa ta gefenta, bai ɗago ba. Ba mugu ba ne Nasir, matsoraci ne kawai, kuma a ranar nan Rabi'a ba ta ga bambancin ba.

Ta taka a ƙafa zuwa Hindawiyya, rana na dukan tsakiyar kanta. Kowane taku tana tuna cewa ranar nan ce ke dukansa, shi kuma ba inuwar bango. Shekara goma sha ɗaya tana kauce wa duk mai kaki. Ta san lungunan Balad da ake ɓacewa in motar kame ta shigo, ta taɓa kwashe tirenta da gudu har ta bar takalmi. Ta san abin da ke biyo baya in an kama mutum: gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, hoton yatsu, jirgi, sannan ba dawowa. Za ta sauka gida da jaka ɗaya, a ce ga Hajiya ta dawo hannu rabbana. Duk ta san wannan. Ta auna shi da mutum a kan dutse, sai ta ga ba ma abin aunawa ba ne.

Ta haɗa kayanta kamar yadda masu miƙa kansu ke yi: zane uku, abaya, Alƙur'ani, hoton aurensu. Ta ɗauki tiren da sauran gyaɗar ta kai wa Tani, maƙwabciyarta ta ƙasa.

"Ina za ki da jaka, Rabi?"

"Bakin teku."

Tani ta dafe ƙirji. "Kin haukace? Ai in kika shiga ba ki fitowa! Ki bari a yi addu'a, a sa malamai."

"A yi addu'ar. Ni kuma zan je." Har ta kai matakala ta koma banɗaki ta ɗauko dutsen ta jefa a jaka. Tani da ta shekara uku tana kwaɗayinsa hawaye kawai take.

Mai gadin ofishin masu tsaron teku ya hana ta shiga, ya ce ta kawo kati. Ta zauna a ƙasa daidai ƙofar, jakarta a cinya, ta ce da Larabcinta na kasuwa akwai mutum yana mutuwa a teku, kuma ba za ta tashi ba. Ya yi mata tsawa, ya lallashe ta, ya gaji. Bayan la'asar aka shigar da ita wurin wani jami'i matashi, an rubuta Nawaf a ƙirjin rigarsa. Sanyin ɗakin ya sa ta rawar ɗari.

Ta faɗi komai, tana haɗa Larabci da hannu. Ta ajiye kwalin Baba Othman a kan tebur. Ta ajiye hoton aure. Ta ajiye dutsen, ita kanta ba ta san dalili ba, sai dai shi kaɗai ne abin da take da shi daga wurin.

Nawaf ya duba na'urarsa. "Ya hajja, an rufe wannan. Mutum huɗu, duk suna nan. Wurin da kike faɗa kuma da nisa ƙwarai, ba a tayar da jirgi zuwa can a kan magana. Mijin naki yana da iƙama?"

"Ba shi da."

"Fasfo?"

"Babu."

"To da me zan san akwai shi?" Ya ɗago kai. "Ke ina taki iƙamar?"

Ga tambayar da ta shekara goma sha ɗaya tana gudu. Ta ɗaga jakarta ta ɗora a kan teburin, kusa da dutsen.

"Ba ni da ita. Ban taɓa yi ba. Ga kayana na zo da su."

Ya dubi jakar, ya dube ta. "Kin san abin da zai faru da ke yanzu?"

"Na sani. Ka ga mace marar takarda za ta kawo kanta nan don ta yi maka ƙarya? Ku kama ni, ku kai ni duk inda za ku kai ni. Amma yau kwanansa huɗu, tsoho ya ce bakwai ne ko takwas."

Nawaf ya ɗauki dutsen ya juya shi a hannu, ya ji rashin nauyinsa. Ya ja kwalin gabansa ya daɗe yana kallon alamar da ke arewa. Sannan ya ɗaga waya ya ce a nemo masa nahuda Hashim da mutanensa biyu, yanzu, a kuma raba su ɗaki daban-daban. Ya jawo farar takarda ya cire murfin biro.

"Sunansa?"

"Malam," ta ce, don abin da bakinta ya saba ke nan.

"Sunansa na yanka, ya hajja. Cikakke."

Shekara goma sha tara da aure. Ta ji kunya ta taso mata har wuya, a nan, a gaban baƙo, a ranar da kunya ba ta da wurin zama. Ta runtse ido.

"Zaharadden," ta ce. Muryarta ta fashe. "Zaharadden Mamman Yawuri."

Ya sa ta maimaita a hankali, yana rubutawa harafi bayan harafi. Wannan ne karo na farko da aka rubuta sunan a wata takarda a ƙasar nan.

Kafin magariba wata jami'a ta zo ta tafi da ita. A bakin ƙofa Rabi'a ta juyo. "Za ku je?"

"Zan aika wa na kudu, su suka fi kusa," Nawaf ya ce. "Ban yi miki alkawarin abin da za su tarar ba."

Gidan tarhil babban ɗaki ne cike da mata, Habashawa, 'yan Indonesiya, 'yan gida Najeriya da Nijar, kowa da tata jakar. Aka ɗauki hoton yatsunta. Kwanansa na biyar a kan dutsen ya wuce, na shida, na bakwai. Duk mai kakin da ta gifta sai Rabi'a ta tare ta da tambaya, amsar ɗaya ce: nan ba teku ba ce, ba su san komai ba. Ran kwana na takwas ta kasa cin abinci. In ta ɗaga kofin ruwa sai ta ga kamar daga bakinsa ta ƙwace. Ran na tara ta daina ƙirga, ta zauna jikin bango tana tunanin tsibin duwatsu goma sha ɗaya, da ko akwai wanda zai tara masa na goma sha biyu. Wata tsohuwa 'yar Damagaram ta ce mata ta fara takaba kawai, ta huta da zullumi. Rabi'a ta ce ba wanda ya dafa mata Alƙur'ani tukuna.

Mako biyu da shigarta aka kira sunanta cikin masu tafiya. Da safe aka fito da su tsakar gida, aka jera su a layi suna jiran motar filin jirgi. Ta roƙi jami'ar da ke riƙe da takarda, ta ce a bar ta ko kwana uku, tana jiran labari. Matar ta ce yalla, ba a fasa jirgi don labari. To shi ke nan. Za ta bar ƙasar ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba, kuma wannan ya fi mata mutuwar ciwo.

Dogon bango ne ya raba tsakar gidan da ɓangaren maza. Kullum da safe lasifikarsu na kiran sunayen sababbin da aka kawo, mata ba sa ko saurara. Yau ma tana ta yi, sunan Habasha, sunan Yaman, kowa na amsawa. Layin mata ya fara motsi, Rabi'a ta saɓa jakarta.

"Zahraddin Muhammad Yawri," in ji lasifika.

Ta tsaya cak, ta bayanta ta yi karo da ita. Ba a amsa ba. Lasifikar ta sake kira. Shiru. Mutumin da ya shekara tara yana amsa Nasir, wa ya sani ko kunnensa ya manta? Ko kuwa wani ne can mai irin sunan? Motar ta buɗe ƙofa, jami'a na ɗaga hannu. Rabi'a ta yar da jakar, ta fita daga layi, ta ruga jikin bangon ta ɗaga kai sama, ta ƙwala da duk ƙarfin da ya rage mata, a gaban mata ɗari da masu kaki:

"Zaharadden!"

Tsakar gidan ta yi tsit. Tsohuwar Damagaram ta riƙe haɓa. Daga bayan bangon aka ji wani tari, sannan wata murya a dishe, ƙasa-ƙasa, kamar ta wanda maƙogwaronsa bai gama warkewa ba.

"Rabi? Sake faɗi."